Ranar da na hau rumbun Baba Hamani

Akwai ranar da har gobe ba ta bar raina ba, ranar da na hau rumbun wani dattijo a gaban mutanen garinsu kaf, ni da wannan jikin nawa da kuke gani. Ku da kuka shigo aiki bana kun sha jin ana tsokanata da zancen a biro, wato ofishinmu, kuna dariya a ɓoye ba ku san mafari ba. To ku gyara zama ku ji shi daga bakina, don in kuka bari shugabanmu Mushe Isufu, Malam Isufu ke nan a Faransance, ya ba ku, sai ya ce tsanin ya karye, kuma wallahi bai karye ba.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, an kuma rufe gadar iyakar ƙasa da ta haɗa Gaya da Malanbil. Aikinmu shi ne dai wanda kuka tarar, bin sawun mutane masu tashi daga wani wuri zuwa wani. Mukan tsaya inda jama'a ke wucewa, tasha ko bakin gada ko mashigin ruwa, mu yi wa matafiyi tambaya uku: daga ina, ina za a, me ya taso ku. Amsar da ya bayar ita muke sawa a tablet, da yamma shef ɗinmu Mushe Isufu ya haɗa rapor, wato rahoto, ya aika. Wannan rapor shi ake dubawa a ce wuri kaza akwai waɗanda tashin hankali ya koro, a tura musu abinci da tabarmi da magani. Wanda bai shiga ciki ba, ko yunwa na kashe shi, a wurin masu rabo babu shi.

Da aka rufe gada mutane ba su daina tafiya ba, ruwa suka koma. Sai aka ɗauke ni daga bakin gada aka kai ni wani mashigi yamma da gari, inda jirage ke sauke fasinja. Na ji daɗin wurin, ba na ɓoye muku. Ga inuwar mangwaro, ga soyayyen kifi da ɗuminsa, ga 'yan jirgi da ba su rabo da ba'a. Mafi yawan masu ƙetarowa 'yan kasuwa ne, mai doya da mai gari da mai atamfa, su zo da safe su koma da la'asar, har na san su sun san ni. Wasu ma tun daga tsakiyar ruwa suke ɗago mini hannu su amsa tambayoyin kafin in yi.

Da bazara ta kama sai na fara ganin wasu irin fasinja. Iyali guda ne za su sauko, tsofaffi da masu goyo da awaki, da turmi da tukwane, kaji an ɗaure su ƙafa-ƙafa. In na tambayi abin da ya taso su, amsa ɗaya ce kamar sun haɗa baki: ziyara. Ina za a? Tungar Hamani, wani ƙauyen Zabarmawa can gaba da mu a gefen kogi. Wata rana wata dattijuwa ta sauko, sunanta Gambi, 'ya'yanta na biye da ita ɗauke da ƙyauren kwano, har da sakatarsa. Na ce, "Inna, ziyara da ƙyaure?" Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce na yayanta ne ya lalace, ta kawo masa. Mu kuwa muna lura da masu shiga da masu fita, kuma cikin masu ziyarar nan ban ga ko ɗaya ya koma ba. Ga shi kowa ya san abin da ke faruwa a dajin ƙetare, 'yan bindiga na shiga ƙauyuka suna ba mutane wa'adi su tashi.

Na kai wa Mushe Isufu zancen. Ya ce ya yarda da ni, amma ƙa'ida ita ce abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa, ba a rubuta wa mai ziyara gudun hijira don an gan shi da turmi. Gaskiyarsa ce, kuma ku riƙe ta. Sai dai lokaci ya ƙure mana, domin ƙarshen makon nan komiten prefektir, wato ofishin mai mulkin yankin, zai zauna ya raba kamiyoyi, manyan motocin abinci, kafin ruwan sama ya yanke hanyoyi, garin da aka tsallake kuwa sai bayan damina. Shef ya ce shi da kansa zai je Tungar Hamani. Ya tafi da safe da takardar mishon, wato ta izinin aiki, da tablet da sabuwar riga. Ya dawo da yamma da ƙullin busasshen kifi, ciki cike da dambu, tablet kuwa yadda ya tafi da ita. Mai garin, Baba Hamani, ya karɓe shi hannu biyu, sannan ya gaya masa cewa a garinsa babu ɗan gudun hijira ko ɗaya. Baƙinsa ne, 'ya'yan ƙannensa da surukansu, kuma a gidan ubansa ba a ƙidaya baƙo, ba a tambayarsa yaushe zai koma. Shef ya ce da ni shi ya yi iyakar yinsa, in ina ganin zan iya da tsohon, ga hanya nan.

Washegari na hau bayan moto, wato babur, na tafi. Ban nufi wurin mai gari ba tukuna, na ratsa ta wurin mata, don a can ake sanin gaskiyar gari. Bayan kowane gida an kafa rumfar zana, ko'ina murhu, yara sun fi ƙarfin ɗakunan da nake gani. A bakin turame na tarar da Gambi tana sussuka. Ni ɗiyar manomi ce, a Gobir aka haife ni, na san hatsin ci na san na iri. Zangarniyar da ke turminta doguwa ce, cike taf, irin wadda manomi ke zaɓa ɗaya-ɗaya ranar girbi ya ɗaure daban don shuka. Na ɗauki ɗaya na juya ta, na dubi Gambi. Ta ci gaba da aikinta ba ta ɗago ba. Can ta yi ƙasa da murya ta ce hatsin ci ya ƙare tun makon jiya, yayanta, wato Baba Hamani, ya fara sauke damman iri. Ta roƙe shi ya bar su su koma ko me zai faru ya faru, ya rantse duk wanda ya taka jirgi shi da shi har abada. Ta kuma ce ba kunya kaɗai ta hana su faɗin gaskiya ba, tsoro suke in soja ya ji sun ƙetaro alhali iyaka na rufe, a kwashe su a mayar, ko a kai su wani sansani nesa da dangi.

Garin duka zuriya ɗaya ce, gandu ɗaya suke nomawa, kuma irin gandun a rumbun tsohon yake. In ya ƙare, ruwa zai sauka gona na kwance, baɗi kuma da masu masauki da baƙin duka su zama abin tausayi.

Na tarar da Baba Hamani a gindin wata tsamiya, dogon tsoho siriri mai farin gemu, dattawa kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na jero masa bayanin da aka koya mana, cewa sunan kowa sirri ne, cewa taimakon nan haƙƙinsu ne ba roƙo ba. Ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya maimaita mini abin da ya gaya wa shef, ko kalma ba ta canza ba. Sannan ya ce a ba baƙuwa ruwa ta sha kafin ta kama hanya. Kun san wannan sallama ce.

Zafi ya ishe ni, na zame mayafi ina share gumi. Sai na ga tsohon ya ƙura mini ido yana kallon zanen da ke kumatuna. Fuskarsa ta sake. Ya juya ga dattawan ya ce da Hausarsa mai gardin Zabarmanci:

"Ashe Bagobira ce aka aiko mini. Ku bar moɗar kirki, ku ba ta a ƙwaryar kaji."

Dattawa suka fashe da dariya. Ku da ba ku tashi cikin abin ba, bari in fayyace muku. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kowa na cewa shi ne ubangida. Abin da zan gaya wa Bazabarme ya yi dariya, in wani ya gaya masa sai an kai ga alƙali. Wanda kuma ya yi fushi cikin wasan nan shi ya faɗi, 'yan garinsu ma sai sun yi masa dariya. Tun ina yarinya nake wannan wasa da matansu masu sayar da kwaɗon ganyen nan da suke ce wa kopto, ban taɓa zaton zai yi mini rana a wurin aiki ba.

Na miƙe tsaye na ɗaura mayafin a ƙugu. Na ce, "Tsoho, tunda ka gane uwargijiyarka, tashi ka nuna mini rumbuna. Na zo duba abin da bayina suka noma mini." Aka sake kwashewa da dariya, mata suka fara leƙowa ta kan darni. Tsohon ya ce rumbun Bazabarme ya fi ƙarfin Bagobira, tsanin ma gara ta cinye shi. Na ce ai na ga wani jingine a bayan masallaci, ko shi ma garar ce ta ajiye? Na nufi wurin da kaina na jawo shi.

Bakina na ba'a, amma na san kasada nake yi. A ƙasar nan mace ba ta leƙa rumbun namiji, ko matarsa ce, balle baƙuwa. Abin da ke cikin rumbun mutum shi ne asirinsa. In wasan ya ɗauke ni, to. In bai ɗauke ni ba, na ci mutuncin dattijo a gaban baƙinsa, kuma daga ranar babu ma'aikacinmu da zai sake shan ruwa a garin. Na waiwaya na dube shi. Bai ce hau ba, bai ce kar ki hau ba, carbinsa kawai yake ja. Gambi ce ta ajiye taɓarya ta zo ta riƙe mini tsanin, wasu mata suka kama mata.

Na hau, tsani na kuka ina salati, wani daga ƙasa na cewa a kawo turame a tokare rumbun kar ya kife. Na ɗaga jinkar na leƙa. Ƙasan rumbun a share yake tas, har ana ganin daɓe. 'Yan damman iri ne kaɗai jingine a gefe guda, waɗanda in aka ci gaba da saukewa ba za su ga ƙarshen mako ba. Da na ɗago kai dariya ta ɗauke. Kowa na jiran abin da zan ce, baƙin kuwa duk sun sunkuyar da kai, don sun san cikin wa hatsin ya shiga.

Allah ne ya ba ni maganar, ba wayona ba. Na riƙe baki na ce da ƙarfi, "Jama'a ku zo ku ga ɓarna! Bazabarme ya cinye mini hatsi shi kaɗai, ga shi ko ƙiba bai yi ba." Wata tsohuwa ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɓarke. Ina bisa tsanin na ci gaba, na ce daga yau na sauke shi daga riƙo tunda bai iya ajiya ba, ni zan ciyar da bayina da kaina, na gida da na ƙetare. Amma ba na ciyar da wanda ban gani ba, sai kowane gida ya fito in san shi, in san daga inda ya zo.

Na sauko. Tsohon ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin ta ina zan bi in kai ga moto. Can ya yafito ni, na durƙusa kusa da shi. Ya yi magana yadda na kusa kaɗai za su ji, kuma babu wasa a muryarsa:

"Na ji abin da kika yi, kuma na gane. Ki ƙidaya. Amma sai kin kawo mini maganar soja, cewa ba mai taɓa mini ko ɗaya."

Wannan kuwa ba a hannuna yake ba. Prefen da ke riƙe da yankin a lokacin hafsan soja ne, kowa Kumandan yake ce masa, mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Duk abin da ya shafi iyaka sai da izininsa. Da la'asar muka shiga biro ɗinsa ni da Mushe Isufu. Shef ya yi bayani da Faransanci mai kyau, ya nuna cewa mutanen nan dangin garin ne, barinsu inda suke ya fi wa kowa sauƙi. Kumandan ya tambaya yadda aka yi tsohon ya yarda yau alhali jiya ya ƙi. Shef, Allah ya saka masa, ya nuna ni da baki. Dole na faɗi zancen rumbu. Kumandan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaya ko hawan rumbu na cikin takardar mishon ɗina. Na ce babu. Ya ce gobe da safe zai je ya gani da idonsa, muna iya tafiya.

Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Magana aka aike ni in karɓo, ga shi na jawo musu sojan da kansa. Ba abin da nake tunawa sai Gambi da hannunta a kan tsani.

Da hantsi muka isa, motarmu a gaba, ta sojoji a baya. Kafin mu tsaya garin ya zama kamar an share shi, mata sun ja yara ɗaka, ko akuya ba ka gani. Baba Hamani kaɗai ke zaune a gindin tsamiyarsa. Kumandan ya ce sojojinsa su tsaya wurin mota. Ya taka shi kaɗai, da ya kai bakin tabarma ya sunkuya ya kwance igiyar manyan takalman nan nasa, ya cire hula, ya tsuguna. Sai na ji ya buɗe baki da Zabarmanci, gaisuwa tiryan-tiryan, gida da gona da gajiya da zafi. Ni Faransanci kaɗai na taɓa ji a bakinsa, ashe shi ma Bazabarme ne. Suka jima suna magana ƙasa-ƙasa. Daga nan ya miƙe ya juya Hausa, ya ɗaga murya yadda na cikin ɗaka za su ji:

"Baba, an ce mini Bagobira ta hau rumbunka kuma bai rushe ba. Na zo in ga maginin, in ba shi aikin bariki."

Dariyar farko daga bayan wani darni ta fito. Ni kuwa da na ga sun zama biyu a kaina, wani sanyin daɗi ya ratsa ni, ban san lokacin da na ce ranka ya daɗe, ai tun jiya na yi zargi, wannan ɗaure fuska sai wanda aka yaye da kopto. Mushe Isufu ya kusa sumewa. Kumandan kuwa ya yi dariya har da riƙe ƙugu, sojojinsa na kallon juna.

Da mutane suka fito, ya faɗa a gaban kowa cewa baƙon Baba Hamani baƙonsa ne, ba mai mayar da kowa, ba mai kai kowa ko'ina. Abin da yake so kawai a san su don a san bakin da za a ciyar, in kuma wata baƙuwar fuska ta shigo cikinsu su sanar da mai gari. Ya ce a shimfiɗa wa baiwar nan tabarma ta yi aikinta, amma duk wanda ta yi wa tambaya yana da izinin ramawa. Shef ya tashi ya ƙara da cewa ba dole, wanda bai so a rubuta shi ba, ba mai matsa masa. Aka kuwa samu wani magidanci da ya ce shi a bar shi, muka bar shi, Baba ya ce ƙwaryar mutumin na wuyansa.

Ban taɓa yin ƙidaya mai daɗin ta ranar ba, ban kuma taɓa shan zagi irin na ranar ba. Gida-gida suke zuwa, mai gida ya faɗi sunansa da na iyalinsa da ƙauyen da suka baro, sannan ya ajiye mini nawa kason. Wata ta leƙa fuskata ta tambaya ko kaza ce ta yi tono a kumatuna. Wani tsoho ya ce kar a ba ni fura, Bagobira in ta ƙoshi sai ta nemi abokin faɗa. Wata ta shafa tablet ɗina ta ce wannan faifai ya yi ƙanƙanta, ko a Gobir haka talauci ya kai. Ni ma ban raga musu ba, na ce su da in an ba su nama sai sun tambaya ina ganyen. Sojojin da aka bari wurin mota suka matso suna ƙunshe dariya, mata suka kawo musu ruwa.

Amma tsakanin zagi da zagi tambaya ta uku na nan, kuma sai an amsa ta. A nan murya kan sauka. Wannan ya ce an kore masa shanu, wannan ta ce an ba su 'yan kwanaki su tashi, wani ya ce ƙanensa ya tafi gona bai dawo ba. In rubuta, in ce Allah ya kiyaye gaba, sai na baya ya matso da tasa ba'ar ya ɗago mu. Gambi ce ta zo ƙarshe. Na ce, "Inna, me ya taso ku?" Ta waiwaya ta dubi yayanta. Ya gyaɗa mata kai.

"Tsoro," in ji ta. "Rubuta tsoro, ɗiyata."

Na rubuta. Sannan ta ce in gyara ɗaurin kallabina, ko baiwa ce ai ta gidansu ce, kar in ba su kunya gaban soja.

Rapor ya shiga kafin zaman komite, aka sa Tungar Hamani cikin rabo. Kafin kamiyo ya iso, Kumandan ya sa aka kai musu 'yan buhuna daga magaza, ɗakin ajiyar gwamnati, don kar a sake taɓa rumbu. Da kamiyon ya zo, da shinkafa da masara da mai, Baba Hamani ya zagaya shi da sandarsa yana taɓa buhu, ya ce a gaya wa Bagobira ya gani, ba laifi, daidai ƙarfin talaka. Daga ranar ba a ƙara sauke dami ko ɗaya ba.

Ba da daɗewa ba ruwan shuka ya sauka. Ina mashigi da safe sai wani mai jirgi ya kawo mini saƙo, wai mai gari ya ce baiwarsa ta zo aiki. Na nemi izini wurin shef na tafi. Na tarar da gandu cike da mutane, na gida da baƙi ba ka bambancewa. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, wasu na waƙa, ƙasa na ƙamshi. Irin da ya rage bai isa gonar duka ba, an bar gefen tudu za a sa masa wake, amma ya isa inda ya fi albarka. Hannu ya yi yawa har gonar da suka saba kwana da kwanaki a kanta ana neman gama ta kafin azahar.

Tsohon ya kira ni gefe, ya kwance bakin wata 'yar jaka ya zuba mini iri a tafin hannu. Ya ce wannan hatsi tun ubansa ake juya shi a gonar nan, ba su taɓa sayo iri a kasuwa ba. Ya ce ranar da na hau rumbu ya riga ya yanke shawara, washegari zai sauke sauran duka.

"Da na sauke," ya ce, "kuma da ban yi nadama ba, don 'ya'yan ƙanwata ba su kwana da yunwa a gidana. Amma ga shi yau yana shiga ƙasa. Fofo, ɗiyata."

Fofo ita ce godiyarsu. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa. Shi kuwa ya juya ya kira mata su zo su ga raguwa, an ba ta aiki tana kuka. Na shiga layi kusa da Gambi, ina zubawa ina rufewa da diddige, har muka kai ƙarshen gona.

Ku ma wata rana za ku tsaya a mashigi, mutum ya dube ku da kayan ɗakinsa duka a ka ya ce ziyara ya zo. Kar ku ce maƙaryaci ne, kar kuma ku rubuta ku wuce kamar ba ku gani ba. Wanda aka koro daga gidansa an raba shi da gona da dabba, abin da ya rage masa shi ne a kira shi baƙo, mai masaukinsa kuwa zai iya cinye irinsa don kar a kira shi da wani suna. Biro adadi yake so, kuma yana da gaskiya, don da shi ake loda kamiyo. Namu shi ne mu samo adadin ba tare da mun karɓe wa mutane wannan ɗan abin ba. Ni wasa ne ya buɗe mini hanya, ku wataƙila wani abu ne daban, kuma ban ce ku je ku gwada hawan rumbun kowa ba. Ku dai zauna, ku sha ruwan da aka ba ku, ku duba abin da ke cikin turmi. Da kaka ta yi na koma garin, na tarar da tsohon a gona shi da Gambi, suna bin zangarniya ɗaya-ɗaya suna zaɓen irin baɗi.